Wata bakwai ina kiwon sauro

Ranar da na gaya wa Umma cewa binciken digirina na biyu a kan sauro ne, sai da ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube ni da kyau. "Sauro dai wannan da muke kwana muna kora?" Na ce shi fa. Ta ce ai da na faɗa da wuri da ba a wahalar da Abba da kuɗin makaranta ba, ga shi nan fal a bayan ɗaki, in je in ɗebi son raina. Muka yi dariya. A lokacin ni ma a zatona aikin kashe sauro zan shiga. Ban san cewa kafin in kashe guda ɗaya ta hanyar da ilimi zai karɓa, sai na koyi renonsa kamar jinjiri ba.

Tambayar da malamina ya ba ni gajeriya ce: maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi, har yanzu yana kashe sauron yankunan da ake noman shinkafa ko kuwa? Shekara da shekaru kusan duk gidajen sauron da ake rabawa kyauta maganinsu daga dangi ɗaya yake fitowa, wanda masana ke kira fairitiroid, irin su deltametirin da fametirin. Nijeriya kuwa ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. In har wannan dangi guda ya fara sanyi, ba ƙaramar magana ba ce. Ya ce min, "Ba ra'ayinki nake so ba, ba kuma abin da mutane ke faɗa ba. Ki kawo min sauro ɗari, ki gaya min nawa suka mutu."

Aka haɗa ni da wani dattijo ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajenmu, wanda ya girmi yawancin malaman sashen a aikin. Malam kawai nake ce masa, shi kuma ya ce min 'yar nan. A watan Yuli muka fara fita, muka nufi wani ƙauye a yankin Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke shiga gonaki ta hanyoyin ruwa, damina da rani ba a rasa danshi. Ni ina ɗoki in faɗa gona, Malam ya ce a'a, sai mun gaida dagaci. Muka zauna a zaure kusan awa guda. Da Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yan sauro muka zo nema a gonakinku," sai wani daga cikin fadawan ya ce in muna da babbar mota mu kwashe har iyayen. Dagaci ya haɗa mu da wani manomi ya zama jagoranmu, kuma ba don wannan bawan Allah ba da rabin wuraren ba mu same su ba.

Kayan aikin ba wani abin a zo a gani ba ne: farin ludayi mai dogon mariƙi, bokitai, 'yar robar ɗiga ruwa irin ta maganin ido, da takalmin roba da ya yi min yawa sai da na cusa tsumma. Na ɗaure hijabina a ƙugu na shiga. Ɗiban farko babu komai, na biyu babu, har na goma. Malam yana tsaye yana kallona, sai da na gaji sannan ya ce, "Inuwarki ce ke korar su. Ki fuskanci rana." Ashe tsutsar sauro da ta ji inuwa ta gifta ko ruwa ya motsa sai ta nutse. Sai ka tsaya cak, ka bar ruwan ya kwanta, sannan ka shafi samansa da bakin ludayi a hankali kamar mai yaɗe mai a kan miya.

A nan na koyi abin da har yau nake ganin ya kamata a koya wa kowane ɗan firamare. Ba kowane sauro ne ke kawo maleriya ba. Mai kawo ta shi ne anofilis, kuma tun yana tsutsa ana gane shi: kwance yake shamɓal a saman ruwa kamar ɗan tsinke. Tsutsar ɗaya sauron, kules, wanda ya fi yawa a kwatamin birni kuma ya fi damun mutane da kuka a kunne, rataye take kai ƙasa, tana shaƙar iska ta wani ɗan bututu a wutsiyarta. Anofilis ɗin da muke nema ya fi son ruwa marar zurfi wanda rana ke duka: sawun kofaton shanu, ramin da tayar mota ta bari, wurin da aka haƙi ƙasar bulo, da fangalin shinkafa da ba a daɗe da dasawa ba, kafin ganye ya rufe ruwan. Wata rana a sawun saniya guda ɗaya, ruwan da bai fi cikin moɗa ba, na tsinci tsutsa fiye da wadda na samu a gona guda.

Komowa gida ma darasi ne. Tafiyar farko na cika jarka taf na rufe, don kada ruwa ya ɓata motar. Kafin mu iso Kano fiye da rabi sun mutu, girgizar hanya ta nutsar da su, ga rashin iska. Daga nan muka koma rabin jarka, baki a buɗe an yafa yadi, direba kuma yana tafiya kamar mai ɗauke da amarya.

Ɗakin kiwon wani ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda. A nan na yi mafi yawan watannin nan bakwai. Ana zuba tsutsar a faranta masu faɗi, a tsince 'yan ƙwarin ruwa da ke cinye su, a ware kules a zubar. Ruwan famfo ba ya yi sai ya kwana a buɗe, saboda sinadarin tsarkake ruwa da ke cikinsa. Abincinsu garin abincin kifi ne, irin na masu kiwon kifin ado, a niƙe shi lilis a barbaɗa ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka. In ka ji tausayinsu ka ƙara, washegari za ka tarar da wani yauƙi ya rufe saman ruwan, duk sun shaƙe. Na yi wannan kuskuren sau biyu kafin hannuna ya san awo. Tsutsa tana saɓa sau huɗu, sannan ta dunƙule ta koma kamar waƙafi, ta daina cin abinci. Kullum da safe aikina shi ne in tsince waɗannan masu kama da waƙafi ɗaya bayan ɗaya, in sa su a ɗan kofi in tura cikin keji mai yadin raga. Bayan kamar kwana 2 sai bayan ya tsage, sauro ya fito ya tsaya a kan ɓawonsa yana busar da fiffike. Karon farko da na ga haka da idona sai da na yi tasbihi, duk da na san abin da wannan halitta ke yi wa yara.

Babba kuma ruwan sukari ake ba shi a auduga, kashi 10 cikin 100. Namiji ba ya cizo sam, ruwan furanni ne abincinsa, ana gane shi da gashin kansa buzu-buzu. Mace ce ke neman jini don ƙwanta ya nuna, ita ce kuma ake gwadawa. Sai abokan gaba: kiyashi, gizo-gizo da tsaka. Kiyashi sun taɓa shiga keji a dare ɗaya suka bar min fukafukai kawai. Tun daga ranar ƙafafun teburin suke zaune a cikin gwangwanayen ruwa. Da hunturu ya shigo kuma, iska ta bushe, sai muka riƙa lulluɓe kejin da jiƙaƙƙen tawul muna sauyawa, domin sauro yana son zafi wajen 27 a ma'auni da danshi mai yawa, in ya rasa sai ya bushe ya mutu ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Akwai kuma dokar da ta fi yi min ciwo. Ran nan na shigo da safe, Malam ya shinshina ya ce, "'Yar nan, koma waje." Turaren wuta ne a kayana. Ya ce daga yau babu turare, babu humra, babu man shafawa mai ƙamshi in zan shiga ɗakin nan. 'Yar Kano a ce ta fita ba ƙamshi! Na ware wata doguwar riga da hijabi guda na rataye a ofis, su ne kayan shiga wurin sauro.

Gwajin kansa tsari ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, iri ɗaya ake yin sa a ko'ina don a iya kwatanta sakamakon Kura da na kowace ƙasa. Takardun da aka jiƙa da magani daga wata jami'a a Penang ta ƙasar Maleshiya ake kawo su, kowace da ƙarfinta a rubuce: deltametirin kashi 0.05 cikin 100, fametirin 0.75, sai DDT, tsohon maganin feshin ƙwari, kashi 4. Akwai bututan roba kamar tsawon tafin hannu, masu koren ɗigo na ajiya, masu jan ɗigo su ake naɗa wa takardar magani a ciki. Ana ɗaukar mata masu kwana 3 zuwa 5 da ba su taɓa shan jini ba, 20 zuwa 25 a kowane bututu, bututu huɗu, ya kama kusan ɗari ke nan. Da baki ake zuƙo su ta wani siririn tiyo mai 'yar raga a tsakiya da ke hana su wucewa maƙogwaro. Sai ka hura su cikin bututun magani, su yi awa ɗaya cif, kana riƙe da agogo kana ƙirga waɗanda suka zube. Daga nan a maida su bututun ajiya, a ɗora audugar sukari, a jira awa 24. In 98 ko fiye cikin ɗari suka mutu, magani na aiki. In ƙasa da 90 ne, sauron wurin ya bijire.

Amma akwai wasu bututu biyu da babu magani a takardarsu, mai kawai. Su ne shaidu. Sauron da ke cikinsu bai kamata ya mutu ba. In fiye da kashi 20 cikin 100 na shaidun suka mutu, duk gwajin ya rushe, domin ba ka da hujjar cewa magani ne ya kashe sauran ba wahala ko wani abu daban ba.

Gwajina na farko, da safe na zo na tarar kusan duka sun mutu. Farin ciki ya kama ni, har na fara tsara yadda zan gaya wa malamina cewa maganin na nan da ƙarfinsa. Malam bai ko kalli bututan da nake nuna masa ba, ya miƙa hannu ya ɗauko shaidun. Su ma a kwance suke warwas. Ya ce, "Kin kashe sauro dai, amma ba ki san me ya kashe shi ba." Wahalar mako uku ta tafi a banza. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Kwana biyu muna neman dalili. Muka wanke komai, muka duba ma'aunin zafi, muka zargi audugar. A rana ta uku na yi sammako fiye da kullum, sai na ga toka a murɗe kamar igiya a ƙasan tagar ɗakin. Baba mai gadi ne. A barandar yake shimfiɗa tabarmarsa da dare, sauro ya dame shi ya kunna igiyar leko, hayaƙin kuma ya bi ta taga. Da na yi masa magana ya ce, "Yo 'yata, ku kuna ciki kuna kiwonsa, ni ina waje yana cina, in zuba masa ido?" Gaskiyarsa. Na ce zan kawo masa gidan sauro, Malam ya ce kul, mai magani ba zai kwana kusa da ɗakin nan ba. Sai da na sayi yadin raga a Kwari na kai wa tela ya ɗinka masa wanda babu magani, ya kuma matsa da shimfiɗarsa ɗaya ɓangaren.

Muka sake komawa gona, muka sake reno. A gwaji na biyu shaidu suka kwana lafiya, suna tashi suna sauka. Mun kuma gwada takardun a kan wani sauro da ake kira Kisumu, zuriyar da aka ɗebo daga Kenya tun da daɗewa ake kiwonta a ɗakunan bincike, ba ta taɓa haɗuwa da magani ba. Waɗannan kafin awar ta cika duk sun zube, wato takardun ba su lalace ba. Sai na juya kan 'yan Kura. Minti 10, babu wanda ya faɗi. Minti 30, 'yan kaɗan. Ina kallon wata ta sauka daram a kan takardar deltametirin tana goge ƙafafunta na baya kamar mai hutawa a gindin bishiya. Washegari na ƙirga: waɗanda suka rayu sun fi waɗanda suka mutu. Wasu sun zubar da ƙafa ɗaya ko biyu, domin wannan magani yana sa su haka, amma ƙa'ida ta ce muddin za ta iya tashi, rayayya ce. DDT kuwa kamar takardar burodi aka naɗa musu.

Ban san me ya kamata in ji ba a lokacin. Gwaji ya yi kyau, ina da abin rubutawa. Amma fuskar yaran da ke bin mu a bakin gona suna riƙe min bokiti ita ta riƙa zo min.

Mataki na gaba shi ne gano ta yaya suke tsira. Akwai wani sinadari, PBO, wanda shi kansa ba ya kashe sauro, sai dai yana toshe wasu sinadaran jikinsa da ke narkar da guba kafin ta yi aiki. Muka fara sa su awa ɗaya a takardar PBO, sannan muka wuce da su takardar deltametirin. Mutuwar ta ƙaru sosai, amma ba ta kai duka ba. Ma'ana sauron nan yana da garkuwa fiye da ɗaya: yana narkar da maganin a jikinsa, sannan akwai canji a ƙwayar halittarsa, wanda ake kira kdr, da ke sa gubar ta kasa kama jijiyar da take nufa. Don tabbatar da wannan sai da muka adana kowane sauro shi kaɗai a 'yar ƙaramar roba mai ƙwayoyin tsotse danshi, matacce daban rayayye daban, kowanne da lambarsa. Na rubuta lambobi har yatsana ya yi kanta.

Gwajin ƙwayar halitta ya nuna yawancinsu jinsin da ake kira Anopheles coluzzii ne. A ido ba ka raba shi da ɗan uwansa gambiae ko arabiensis, ko da madubin ƙara girma. Malamina ne ya ba ni labarin sunan, kuma na yi mamakin yadda ya zagayo gida. Mario Coluzzi masanin sauro ne ɗan Italiya, yana cikin waɗanda suka yi aiki a kan sauron Garki, a babban binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976, lokacin Garki tana jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani ga ƙauyuka, cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya kwana a bangon ɗaki inda feshin yake, waje yake hutawa. A 2013 aka raɗa wa wannan jinsi sunan Coluzzi. Kafin Garki ma, a tsakiyar shekarun 1950, a yankin Birnin Kebbi aka gano sauron maleriya ya bijire wa maganin feshi mai suna dayaldirin, jim kaɗan da fara amfani da shi. Wato abin da na gani a bututuna tsohon hali ne, kuma ƙasarmu na cikin wuraren da duniya ta fara koyon darasinsa. Abin ya ba ni haushi kaɗan, a ce na yi shekara huɗu ina karanta ilimin halittu a Kano ban taɓa jin sunan Garki a aji ba.

A fitarmu ta ƙarshe na roƙi manomin nan jagoranmu ya nuna min abin da yake fesa wa shinkafarsa. Ya shiga bukka ya fito da robobi uku. Na karanta jikinsu, biyu daga ciki 'yan dangin maganin gidan sauro ne. Ruwan da ake fesawa shi ne ruwan da tsutsar ke girma a ciki. Tun tana jaririya take shan gubar kaɗan-kaɗan, raunanan su mutu, masu ƙarfin su rayu su hayayyafa, kafin jikokinsu su iso gidan sauron da ke ɗaki sun riga sun ga jiya sun ga yau. Ban ga laifin manomin ba ko kaɗan. In bai fesa ba ƙwari su cinye abin da zai ciyar da yaran da muke cewa muna son karewa. Laifin da na gani na tsari ne: masu kula da noma da masu kula da lafiya suna amfani da makami ɗaya a kan gona ɗaya, kuma ba kasafai suke zama tebur ɗaya ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda labarin zai fita. Da na ba Umma sakamakon, kafin in rufe baki ta ce, "Ka ji! Dama na ce wannan gidan sauron zafi kawai yake ƙara wa mutum." Sai da na zaunar da ita. Na ce Umma, maganin ne ya yi rauni, ragar ba ta yi ba. Sauron maleriya cikin dare yake cizo, in ya zo ya tarar da raga babu huda, bai sha jini ba, bai kuma zuba cuta ba. Sannan saboda irin wannan ƙirge da ake yi a wurare da yawa ne aka fito da sababbin gidaje, wasu an haɗa musu PBO, wasu kuma an ƙara musu magani na biyu daga wani dangi daban, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2023 a wuraren da sauro ya bijire. Masu rabawa ba za su san inda za su kai wane iri ba sai wani ya shiga taɓo ya ƙirgo. Ta ce, "To, ashe dai ba wasa kike zuwa yi ba." A daren muka sauke gidan sauron ƙannena, muka ɗaga shi a gaban fitila, muka sami huda shida. Ita ta ɗinke huɗu, ni biyu, ta ce ɗinkina kamar na mai gyaran buhu.

Ranar da na rufe aiki akwai sauro wajen keji biyu da suka rage. Ba a sakin su, ƙa'ida ce, balle waɗanda muka san magani ba ya jin su. Firiza ake sa kejin su daskare. Na tsaya riƙe da ƙofar firizar ina kallon su manne da raga, ciki a ɗage sama yadda anofilis ke tsayawa. Ni na ɗebo su da ludayi, ni na barbaɗa musu abinci, ni na kore musu kiyashi. Malam ya leƙo ya ga na yi jim, ya ce, "'Yar nan, ko sunan suna za ki raɗa musu ne? Rufe mu tafi, an kira la'asar."